Kofin Da Ya Bar Manchester, Da Wanda Ya Rage A Birmingham

In mutum ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Victoria, ya ƙetare kogin Irwell ya shigo Salford, ya kama Blackfriars Road, zai wuce wani tsohon gini na jan bulo wanda ba shi da wata babbar alama a ƙofa. Da yawa daga cikinmu mun wuce shi ba adadi, za mu aiki ko muna komowa daga kasuwa. Wani ya ɗauka coci ne, wani ya ce sito ne na zamanin auduga. Ashe gidan wasa ne. Sunansa Manchester Tennis and Racquet Club, an kafa kulob ɗin a 1876, aka tare a wannan gini a 1880, har yau kuwa ana wasa a ciki.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, kullum in watan Yuni ya kama sai mu ga yaranmu sun zuba wa talabijin ido suna kallon Wimbledon, mu kuwa manya mu ce ai wasan Turawa ne da masu kuɗi, ba ruwanmu. Muka ce bari mu bincika mu ga ko gaskiya ne. Da muka duba sai muka tarar garuruwan nan biyu da jama'armu ke zaune a cikinsu, watau Manchester da Birmingham, su na da hannu dumu-dumu a tarihin wasan. Ɗaya ta yi gasa mai suna ta rasa ta. Ɗayar kuwa tata na nan, amma an rage mata daraja. Ga labarin yadda abin ya ke.

ASALIN WASA

Wasan da a ke yi a ginin nan na Salford shi ne kakan tanis ɗin da mu ke gani yau. Turawa na ce masa tanis na ainihi, ko tanis na sarakuna, domin sarakunan Faransa da na Ingila sun yi shi tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sarkin Ingila Henry na Takwas ya shahara da shi ƙwarai. A cikin ɗaki a ke yi, ƙwallo ya bugi bango ya gangaro ta kan wani rufi mai karkata, ƙwallon kuwa ɗinkin hannu ne, mai nauyi, ba ya tsalle kamar na roba. Filayen irin wannan wasa da suka rage a duniya duka kimanin hamsin ne, galibinsu a Birtaniya, da Faransa, da Amurka, da Ostireliya. Ɗaya daga cikinsu ga shi a unguwarmu.

Abu biyu suka fitar da wasan daga ɗaki zuwa sarari. Na fari injin yankan ciyawa, wanda wani Bature Edwin Budding ya ƙago a 1830. Na biyu gano yadda a ke dafa roba ta yi ƙwari, har a yi ƙwallon da zai yi tsalle bisa ciyawa. Da waɗannan suka samu, sai wasu abokai biyu a Birmingham suka fara gwada buga ƙwallo a kan ciyawar lambu, tsakanin 1859 da 1865. Ɗayansu Harry Gem, lauya ne, ɗan gari. Ɗayan kuwa Augurio Perera, ɗan kasuwa ne haifaffen ƙasar Sifen, a lambun gidansa na Ampton Road, unguwar Edgbaston, aka yi wasan. Sai daga baya, a 1874, wani soja Manjo Wingfield ya yi rajistar nasa salon ya shiga sayar da kayan wasan cikin akwati, kana aka fara gasar Wimbledon a 1877.

To, masu karatu, a lura da wannan. Wasan da mu ke cewa na 'yan gari ne, a gidan baƙo ya fara rarrafe, baƙon kuwa fatauci ya kawo shi, kamar yadda fatauci ya kai kakanninmu Salaga da Kumasi da Ankara har suka kafa zango. Saboda haka kada wani ya ce mana baƙo ba shi da wuri a bakin raga.

YADDA SANA'AR TA KE

Kafin mu ci gaba ya kamata mu ɗan bayyana yadda abin ke tafiya, domin dattawanmu da ba su taɓa kula ba. Mutum biyu ne, ko huɗu, raga a tsakani, kowa da raket a hannu. Ƙidayar ci ita ce 15, da 30, da 40, sa'an nan a ce an ci wasa ɗaya. Wanda ya riga kai wasa shida da ratar biyu ya ci zubi ɗaya. Mata su kan yi zubi uku, wadda ta ci biyu ta yi nasara. In kun ji an ce 7-5, 6-4, ma'anarsa ke nan.

Har zuwa 1968 manyan gasanni ba su yarda da wanda ke karɓar kuɗi don wasa ba, wai wasan na 'ya'yan manya ne masu yi don nishaɗi. A watan Afrilu na shekarar nan aka buɗe ƙofa ga kowa, aka fara a garin Bournemouth. Tun daga nan tanis ya zama sana'a sosai, ɗan wasa na yawo gari gari kamar falke, inda ya ci ya sami kuɗi da maki, inda ya faɗi ya biya masauki da jirgi daga aljihunsa.

Gasannin hawa hawa ne. A ƙoli akwai manya huɗu, na Ostireliya, da Faransa, da Wimbledon, da Amurka, wanda ya ɗauki kofi a ɗayansu ya sami maki 2,000. Ƙarƙashinsu akwai masu lamba 1000, da 500, da 250, sa'an nan ƙanana masu 125 da abin da ya yi ƙasa. Da makin nan a ke jera 'yan wasa, kuma maki ba ya wuce mako 52 a hannun mutum, sai ya zube. A Wimbledon mutum 128 ke shiga. Wajen 104 matsayinsu ne ke shigar da su kai tsaye, 16 sai sun yi wasan share fage, takwas kuwa gayyatarsu a ke yi. Don haka wanda ba shi da suna ba shi da wata hanya sai ƙananan gasanni. Su ne tsani.

Ciyawa kuma ta na da nata hali. Ƙwallo na zamewa a kanta ya zo da sauri, ba ya tashi sama kamar a jar ƙasa irin ta Faransa. A Wimbledon milimita takwas a ke barin tsawonta. Lokacinta gajere ne ƙwarai, mako uku ne kurum tsakanin gama gasar Faransa da fara Wimbledon. Cikin 'yan makonnin nan kowane ɗan wasa na neman inda zai saba da ciyawa, kowane gari kuma na neman a ba shi mako guda. Mako kaɗan, masu so da yawa. Tushen rigimar ke nan.

GASAR MANCHESTER

Gasar Arewacin Ingila ta fara a 1880, shekara uku kacal bayan Wimbledon. A farkon zamaninta karɓa-karɓa a ke yi, bana a Manchester, baɗi a Liverpool, kuma a lokacin ana lissafa ta cikin gasanni mafi girma a ƙasar. Mazauninta na ƙarshe shi ne kulob ɗin nan da a ke kira The Northern, a Palatine Road, unguwar Didsbury. Wanda ya hau jirgin titi ya sauka a tashar West Didsbury, ƴan taku kaɗan zai yi ya gan shi.

Daga 1990 zuwa 1994 gasar ta shiga sahun manyan gasannin maza na duniya. Ku dubi waɗanda suka ɗauki kofi. A 1990 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 18 ya ci, sunansa Pete Sampras, shi ne kofinsa na fari a kan ciyawa. Kafin shekarar ta ƙare ya ci babbar gasar Amurka, daga baya kuma ya ɗauki kofin Wimbledon sau bakwai. A 1991 Goran Ivanisevic ya kada Sampras a wasan ƙarshe. A 1992 Jacco Eltingh ya ci, a 1993 Jason Stoltenberg, a 1994 kuwa Patrick Rafter na Ostireliya ya ɗauki kofinsa na fari a duniya a nan Didsbury. Wani abin sha'awa, shekara bakwai bayan haka, a 2001, waɗanda suka kara a wasan ƙarshe na Wimbledon su ne Ivanisevic da Rafter, duka biyu zakarun Manchester. Mutanen da suka zauna a kan 'yan kujerun Didsbury sun riga duniya ganinsu.

A 1995 aka ɗauke makon aka kai Nottingham. Manchester ta koma ƙaramar gasa, aka yi ta lallaɓawa har 2009, sa'an nan ta tsaya. Aka farfaɗo da ita a 2015 da 2016 ta maza, daga 2017 zuwa 2019 kuma ta mata. A 2020 cutar korona ta hana wasa ko'ina. Da aka fito da jadawalin manyan gasannin ciyawa na 2025, akwai Birmingham, da Landan, da Ilkley, da Nottingham, da Eastbourne, babu sunan Manchester. Kulob ɗin na nan, ciyawarsa na nan kore shar, membobi na wasansu, amma baƙin duniya sun daina sauka.

Kada a ce mutanen Manchester ba su son tanis. A watan Satumba na 2023 aka kawo wasannin Kofin Davis, watau gasar ƙasashe, babban zauren nan na AO Arena da ke jikin tashar Victoria, tafiyar mintoci kaɗan daga tsohon ginin Blackfriars Road. Ranar da Birtaniya ta kara da Faransa mutum wajen 13,000 suka cika wurin. Dan Evans, ɗan Birmingham, da abokin wasansa Neal Skupski suka kuɓuta daga bakin faɗuwa har sau huɗu kafin su ci. A 2024 aka sake dawowa, har Felix Auger-Aliassime, wanda mahaifinsa mutumin Togo ne, ya buga wa Kanada a wurin. Amma wannan baƙo ne mai kwana kaɗan. A kan shimfiɗa fili a cikin zaure, a gama a naɗe. Bai zama gasar gari mai komowa kowace shekara ba.

GASAR BIRMINGHAM DA FILINTA

Daga tashar Piccadilly zuwa New Street ta Birmingham tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Filin gasar na Edgbaston Priory Club, a Sir Harry's Road, ba nisa da babban filin kurket, kuma ba nisa da gidan Perera inda aka faro abin. Kulob biyu ne suka haɗu, ɗaya an kafa shi a 1875, ɗayan a 1878. Gobara ce ta cinye ginin na farin a 1963, sai maƙwabci ya buɗe masa ƙofa, a 1964 suka zama ɗaya.

Gasar mata ta fara a wurin a 1982. Billie Jean King ta Amurka ta ci shekara biyu na fari, Pam Shriver ta ci sau huɗu a jere daga 1984 zuwa 1987, Martina Navratilova ta ci a 1989. A 2004 wata yarinya 'yar Rasha mai shekara 17, Maria Sharapova, ta ɗauki kofin Birmingham, ba a yi wata guda ba ta ɗauki na Wimbledon. A 2017 Petra Kvitova ta ci, alhali kuwa wata shida kafin nan wani ɓarawo ya shiga gidanta ya yanke ta da wuƙa a hannun hagu, hannun da ta ke riƙe raket da shi. A 2019 Ashleigh Barty ta Ostireliya ta ci, nasarar nan ce kuma ta kai ta matsayi na ɗaya a duniya. Kofin da a ke bayarwa sunan Maud Watson ya ke ɗauke da shi, ita ce macen da ta fara cin Wimbledon a 1884, 'yar wannan yanki ce.

Babban filin da a ke wasan ƙarshe an buɗe shi a 2013, aka sa masa sunan Ann Jones, haifaffiyar Birmingham, bahaguwa, wadda ta ci Wimbledon a 1969, kuma wadda ta sha wahalar gasar nan shekara da shekaru. An ɗan nutsar da filin cikin ƙasa, kujeru sun kewaye shi. Na dindindin wajen 1,000 ne, in gasa ta zo a ƙara na wucin gadi har a kai wajen 2,500. In an gwada da babban filin Wimbledon mai ɗaukar kusan mutum 15,000, wannan ɗan tsakar gida ne. Amma a nan amfaninsa ya ke. Mai kallo na jin numfashin 'yar wasa, ya na ganin yadda ta ke sa ƙafa, da yadda ta ke juya wuyan hannu. Yaron da ya zauna a wurin yini ɗaya ya koyi abin da talabijin ba zai koya masa a shekara ba.

A watan Mayu na 2024 hukumar tanis ta Birtaniya, wadda a ke kira LTA, ta ba da sanarwar sabon tsari. Aka ce daga 2025 za a yi babbar gasar mata mai lamba 500 a Queen's Club na Landan, inda rabon mata da gasa tun 1973. Birmingham kuwa, wadda daga 2014 zuwa 2019 ta ke a babban mataki, daga 2021 ta koma 250, sai aka sauko da ita 125, aka haɗa mata da ƙaramar gasar maza, aka kuma matso da ita makon fari na Yuni, lokacin da manyan 'yan wasa ba su gama da Faransa ba. A 2025 Greet Minnen ta Beljiyam ta ci ta mata, Otto Virtanen na Finland ya ci ta maza. Wanda ya san yadda ta Manchester ta faro ciwonta a 1995, dole gabansa ya faɗi.

'YAR TUNISIYA DA TA HAU TSANIN NAN

Akwai mace ɗaya da sunanta ke jikin kofin garuruwan biyu, kuma 'yar Afirka ce, Musulma. Ons Jabeur an haife ta a 1994 a garin Ksar Hellal na Tunisiya, ta girma a Sousse. Mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili ta na da shekara uku, kuma da ya ke kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, a filayen otal otal na masu yawon buɗe ido ta yi koyo. A 2011 ta ci gasar yara ta Faransa, amma bayan wannan ta shekara da shekaru ta na fama a ƙananan gasanni, yau ciwo, gobe rashin kuɗi.

A watan Yuni na 2018 ta zo Didsbury ba ta cikin mata ɗari na fari a duniya. Ta ɗauki kofin, ta kada Sara Sorribes Tormo ta Sifen a wasan ƙarshe, saboda haka aka ba ta ɗaya daga cikin gurabun gayyata na Wimbledon. Shekara uku bayan haka, a Yuni na 2021, ta je Edgbaston ta kada Daria Kasatkina da ci 7-5, 6-4 a filin Ann Jones, ta zama Balarabiya ta fari da ta taɓa cin babban kofin mata na duniya. A 2022 ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon da na Amurka, ta hau matsayi na biyu a duniya, a 2023 ta sake kai wasan ƙarshe a Wimbledon. Duk ukun ba ta ci ba, Allah bai nufa ba, amma mutanen ƙasarsu sun raɗa mata suna Ministar Farin Ciki.

To, mu tambayi kanmu. Ranar da yarinyar nan ta ɗaga kofi a Didsbury, mil kaɗan daga gidajenmu, mu nawa ne muka je? Mu dai masu wannan rubutu ba mu je ba, ba mu ma san ana yi ba. Sai da ta fito a talabijin a 2022 muka shiga tafi muna cewa tamu ce. Matakin da ta taka na fari kuwa, yanzu an cire shi daga tsanin.

ME KE KORAR GASA DAGA GARI?

Gasa ba gadon gari ba ce. Makon da a ke yinta izini ne a hannun hukuma, ita ke da ikon ta kai shi inda ta ga ya fi. Abin da ta ke dubawa kuwa sananne ne: kujeru nawa filin ke ɗauka, tikiti nawa aka sayar, kamfanonin da ke sa kuɗi sun gamsu ko ba su gamsu ba, masu talabijin na so ko ba su so. Kuɗin da a ke rabawa 'yan wasa kullum ƙaruwa ya ke yi, ciyawa kuma sai an yi mata hidima shekara guda cur domin wasan mako ɗaya, ruwan sama na iya zuwa ya ɓata yini biyu a mayar wa mutane kuɗinsu. Fili mai kujera 2,500 ba zai yi gogayya da na Landan mai ninkinsa sau uku ko fi ba.

Hukumar ta na da hujjarta, ba mu ce ba ta da ita ba. Ta ce a Landan wasan mata zai sami 'yan kallo da kuɗi fiye da dā, kuma mun ga jama'a sun cika Queen's a 2025. Amma mu mazauna arewa da tsakiyar ƙasa muna da tamu. In duk abu mai kyau ya tattara a Landan, ɗan mai tuƙin bas a Salford ko 'yar mai aikin asibiti a Handsworth ba za su taɓa ganin gwani ido da ido ba, wanda bai gani ba kuwa ba ya sha'awa. Fred Perry, wanda ya ci Wimbledon sau uku a jere daga 1934 zuwa 1936, a Stockport aka haife shi, nan kusa da mu, mahaifinsa ma'aikacin masaƙar auduga ne, a filayen unguwa ya koyi wasa.

Mu ma can gida mun san wannan. Nduka Odizor yaro ne mai tsintar ƙwallo a Legas, da kallon masu wasa ya fara. A 1983 ya kada Guillermo Vilas na Ajantina a Wimbledon ya kai zagaye na huɗu. Sadiq Abdullahi ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na 1988. A Kano akwai gasar Dala, wadda 'yan wasan Nijeriya da yawa suka bi ta kanta. Ko'ina aka duba labarin ɗaya ne, sai fili na kusa, gwani na zuwa, sa'an nan yaro ke cewa ni ma zan iya.

MU FA, INA NAMU?

Ba mu ce kowane yaro zai zama Sampras ba. Sana'ar na da tsada, na da wuya, cikin dubu da ƙyar ɗaya ke ci da kansa da ita. Iyaye kada su bar karatu, na boko da na allo, don raket. Amma tsakanin zakara da ɗan kallo akwai matakai da yawa. Akwai masu koyarwa, da alƙalan wasa, da masu kula da ciyawa, da masu gyaran raket, akwai jami'o'in Amurka da ke ɗaukar nauyin karatun mai iya wasa, ta nan Odizor ya bi ya je Jami'ar Houston. Ko ba wannan, akwai lafiyar jiki. Mun san yadda ciwon suga da hawan jini suka addabi jama'armu a ƙasar nan, ga zaman ɗaki, ga sanyi, ga tuwo da dare. Tanis wasa ne da ɗan shekara bakwai da ɗan saba'in ke iya yi. 'Yan matanmu kuma ba wanda zai hana su yi da dogon wando da ɗankwali a filin unguwa.

Maganar tsada ma ta ragu. A 2021 gwamnati da LTA suka ware fiye da fam miliyan 30 don gyara filayen tanis na wuraren shaƙatawa na jama'a a Birtaniya. Akwai irinsu a Alexandra Park ta Manchester, da Cannon Hill Park ta Birmingham, wadda ke kusa da Edgbaston ɗin kanta. Waɗansu kyauta ne, waɗansu kuɗi kaɗan, ta waya a ke kama lokaci. Tsohon raket kuwa ana samunsa da araha a shagunan kayan gwanjo.

Saboda haka ga shawararmu ga shugabannin ƙungiya, da iyaye maza da mata. Na fari, yadda mu ke haɗa kuɗin mota mu tafi suna ko biki ko ta'aziyya a Birmingham, mu haɗa mu kai yara gasar Edgbaston yini ɗaya in lokacinta ya zo. Kwanakin fari na mako sun fi sauƙin kuɗi, kuma a lokacin ne a ke wasa a filaye da yawa, mutum ya tsaya dab da raga. 'Yan'uwanmu na can su tarbe mu, a yi zumunci, a yi kallo, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na biyu, samarinmu da suka iya wasan, mun san akwai su, su ba da sa'a biyu ranar Asabar su koya wa ƙannensu. Na uku, wanda ya iya rubutu ya rubuta wa kansilan unguwarsa da ɗan majalisarsa ya tambaya ina labarin gasar Manchester. Masu hukunci ƙidaya su ke yi, kujerar da ba kowa a kanta shaida ce a kanmu, wasiƙar da ba a rubuta ba kuwa ba mai amsa ta.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan rawar ba muguwa ba ce, ƙin tashin ne ya ja mana. Mun zauna kofi ya bar Didsbury ba mu ce uffan ba, domin ba mu ɗauka namu ba ne. Na Edgbaston na nan tukuna, an rage masa girma, amma saboda haka ne ma masu tasowa za su fi zuwa, irin su Ons Jabeur ta 2018, waɗanda ba wanda ya san su. Wa ya sani ko wata 'yar Ghana ko Nijar ko Nijeriya na tafe? In ta zo, ya kamata ta ɗaga kai ta ga fuskokin da suka yi kama da na gidansu.

Gobe in kun bi Blackfriars Road ku nuna wa yaranku ginin nan na jan bulo, ku gaya musu abin da a ke yi a ciki tun 1880. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya da mutanen ƙasar da mu ke baƙunci a cikinta, amin. Haza wassalam.